Giya na ƙin shiga a tsohuwar Marsandi: kuloci ne ko akwatin giya?

Alhaji Ɗanjuma, Jidda:

Assalamu alaikum. Ina da Marsandi 230 ƙirar 1980, samfurin W123, mai giya huɗu ta hannu, kuma tun shigowar zafi take ba ni wahala. Da safe giya na shiga lafiya lau, amma idan na daɗe cikin cunkoson titin Madina a nan Jidda, ta ɗaya ba ta shiga sai na danna da ƙarfi, ribas kuwa sai ta yi ƙara kamar haƙoran za su kakkarye. Wani bakanike ya ce a sauke akwatin giya a sauya faifan kuloci, kuma kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. Kafin in amince, ina neman shawarar waɗanda suka san wannan mota.

Malam Sale, Makka:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a sauke komai tukuna, domin akwai gwajin da za ka yi a ƙofar gida ba tare da ka kashe ko riyal ɗaya ba. Idan motar ta yi zafi kuma matsalar ta bayyana, ka kashe injin, ka taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In suka shiga sumul, to da alama akwatin giya ba shi da laifi. Kulocin ne ba ya sakin injin gaba ɗaya, shi ya sa haƙoran ke ci gaba da juyawa alhali ƙafarka na ƙasa. Ribas ce ke fara tona asirin wannan, saboda ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, irin wanda giyoyin gaba suke da shi.

Daga nan sai ka tada injin, ka taka kuloci ka saki da sauri sau huɗu ko biyar, sannan ka nemi ta ɗaya. Idan ta shiga cikin sauƙi, matsalar tana hanyar mai. Kulocin wannan mota da man birki yake aiki, daga silindar sama da ke jikin abin takawa zuwa silindar ƙasa da ke gefen akwatin giya, kuma tulu ɗaya suke sha da birki. Tiyon kulocin yana ɗibar man ne daga saman inda birki ke ɗiba, don haka idan mai ya ragu, kuloci ne ke fara shan iska tun birki bai nuna komai ba. Ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin ƙafarka ka shafa da yatsa. In ka ji santsi, ko ka ga fenti ya kumbura a wurin, robar silindar sama ta mutu. Man birki yana zuƙar danshi, danshin Jidda kuwa kai ma ka san shi, ga tsohuwar roba da takan saki idan ta ji zafi, wanda ya yi daidai da abin da ka faɗa na cewa da safe lafiya take.

Baban Hafsa, Madina:

Abin da Malam Sale ya faɗa haka yake. Idan kuma giyar ta yi tauri ko da injin a kashe, a leƙa ƙarƙashin mota a duba ƙananan robobin da ke bakin sandunan giya, domin a wannan samfurin sukan rududduge saboda tsufa, har sandar ta riƙa lilo a hannu. A kuma tambayi wane mai aka zuba a akwatin giyar. Kamfanin ya tsara shi ne da mai marar kauri irin na giyar otomatik, amma masu gareji da yawa sukan ɗura masa mai kauri 80W-90, sai dai shi wannan da sanyin safiya ya fi takurawa.

Injiniya Bala, Riyad:

Ni ban wanke faifan gaba ɗaya ba, Alhaji. Gaskiya ne cewa faifan da ya cinye alamarsa daban ce: injin ya yi ta ihu, mota ba ta ƙara gudu, musamman a hawa irin na Hada a hanyar Ɗa'ifa. Amma faifan da ya karkace, ko wanda tsatsa ta riƙe a kan sandarsa, ko ɗan boris ɗin da ke bayan injin idan ya bushe, kowannensu yana hana kuloci saki ko da hanyar mai lafiyarta ƙalau. Idan gwaje-gwajen Malam Sale ba su nuna komai ba, to bakaniken naka na da gaskiya, kuma ranar da aka sauke akwatin a sauya boris ɗin tare da faifan, tunda aikin saukewar ne mai tsada.

Alhaji Ɗanjuma, Jidda:

Allah Ya saka muku da alheri. Da injin a kashe duk giyoyin sun shiga, tattaka kulocin ma ya taimaka, kuma na tarar da kafet ɗin a jiƙe, man tulun ya yi baƙi ƙirin. Shin in nemi silindar a tashlih, wato wurin da ake sayar da sassan tsofaffin motoci, ko in sayi sabuwa?

Malam Sale, Makka:

Sabuwa za ka saya, Alhaji, domin robar ta tashlih tsohuwa ce kamar taka. Ka sauya ta sama da ta ƙasa tare da tiyon roba da ke tsakaninsu, a zuba sabon man birki DOT 4. Wajen fitar da iska ka ce wa bakaniken ya tura man daga silindar ƙasa zuwa sama, domin a wannan mota iska kan maƙale idan aka bi hanyar da aka saba. Tunda tulun ɗaya ne, a sauya man birkin ƙafafu huɗun a ranar.