Fili a gefen tafkin Sakumo na Tema: me kuka gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana tallar fuloti da araha a bakin tafkin Sakumo, tsakanin Ankara (Accra) da Tema a ƙasar Ghana. Waɗanda suka san wurin su taimaka da bayani.

Magini daga Ashaiman: Wa alaikumus salam, Alhaji. Arahar nan tana da dalili. Wurin dausayi ne, ana zuba masa jar ƙasa da tifa har ya yi kama da tudu. Ƙarƙashin cikon laka ce mai laushi, shi ya sa harsashin gini ke nutsewa sannu a hankali, bango ya tsage daga kusurwar taga. Ruwan ƙasan kuma yana da gishiri: yana cin rodi, tsatsa ta kumbura ta fasa kankare, fenti ya riƙa ɓarewa daga ƙasan bango. Ramin masai ma ba ya tsotsewa, da damina sai ya dawo cikin gida.

Mai aikin safiyo: Tun 1992 aka sa Sakumo cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayoyi, kusan hekta 1,400, kuma sashen namun daji na hukumar gandun dajin Ghana ke kula da shi. Takardar mai unguwa ko ta dillali ba ta isa ba. Ka kai taswirar filin hukumar filaye a duba, ka kuma tambayi sashen namun daji ko yana cikin iyakar da aka killace. An rushe gine-gine a can a 2022, an sake a 2025.

Masunci: Ku lura da hanyar ruwa. Rafuka irin su Mamahuma da Dzorwulu ne ke zubowa cikin tafkin, mafitarsa zuwa teku kuwa ƙunƙuntar kwalbati ce a ƙarƙashin titin bakin teku. Ruwan Yuni in ya sauko, fadamar ce ke riƙe shi kafin ya fita. Duk inda aka cike, ruwan sai ya koma unguwannin da ke baya. Mu ma abin ya taɓa mu: laka da leda sun rage zurfi, kacalla ta mamaye gefe, karfasar da ake kamawa ƙanana ne.

Malamin makaranta: Tsuntsayen da ke tahowa daga Turai lokacin sanyinsu a kan tabon nan suke kiwo, kunkurun teku kuma na yin ƙwai a rairayin gaɓar. Alhaji, ka je ka ga filin a watan Yuni, washegarin ruwan sama, kafin ka ba da ko sisi.