Neman kalma: me za mu kira abin kunnen nan mai kashe ƙara?

Salamu alaikum 'yan'uwa na Zango. Ina da ɗan tebur a Adum nan Kumasi ina saida kayan waya, caja, iyafis, hedfon da sauransu. Jiya wani dattijo daga Aboabo ya zo, zai tafi Umra, yace yaransa sun ce ya sayi abin da zai hana shi jin ƙarar jirgi. Na buɗe baki zan masa bayani sai naji "noyis kansilin" ne kawai ke fitowa, ya dube ni yace yaro faɗa min da Hausa. Abin ya tsaya min a rai tun jiya, shi yasa na kawo muku, wasunku har sun rubuto sunayen da suke gani, ga nawa ra'ayin.

Abu uku ne ke neman suna, ƙaramin da ake cusawa cikin kunne, babban da ake kifawa kan kunne gaba ɗaya, sai kuma aikin kashe ƙarar shi kansa.

Na ƙaramin, wata yaya daga Nima tace ai ɗan kunne ne. Yaya da ma hakan ya fi daɗi a baki amma 'yan kunne suna da masu su tun kaka da kakanni, in kika aiki yaro Kejetia ya sayo 'yan kunne na gwal ko azurfa zai kawo miki. Ni dai ina ganin shiga-kunne da rufa-kunne, irin ginin dafa-duka da rufa-ido, ko tsohuwar da bata taɓa riƙe waya ba taji zata san wanne ke shiga wanne ke rufewa. Iyafis da hedfon ma ba zan yi faɗa da su ba, sun riga sun zauna.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne na ukun. Mutane da yawa sun rubuto "toshe kunne" ko "matoshin ƙara", kuma wallahi ba toshi bane. Toshi shi ne ka cusa auduga ko yatsa, robar shiga-kunne da katifar rufa-kunne suna yin wannan ko babu batir. Wannan kuwa akwai 'yan ƙananan makirfo a jikinsa, suna sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta ƙera wani sauti kishiyar wancan daidai wa daida, inda wancan ya hau wannan ya sauka, su haɗu bakin dodon kunne su kashe juna. Ƙara ake kashewa da ƙara. Wani Bajamushe Paul Lueg ya samu rajistar dabarar tun 1936, sai a 1978 Amar Bose, mai kamfanin kayan sauti na Bose, yana cikin jirgi aka bashi hedfon ƙarar inji ta hana shi jin komai, daga nan ya fara lissafin abin, matuƙa jirgi suka fara samun na kamfaninsa a 1989, sauran jama'a sai 2000.

To da na gane haka kalma ɗaya ce ta faɗo min, makari. Kowa a Zango ya san makarin dafi, makarin sammu, abin da ake bayarwa ya karya ƙarfin wani abu saboda an haɗa shi don wannan abin musamman. Ai aikin kenan babu ragi.

Wani malami daga Asawase yace to makarin hayaniya kenan. Malam da girmamawa nan ne na ƙi, kuma don ina saidawa ne na ƙi. Hayaniya ta mutane ce, ciniki, kukan jariri, mai tallan magani da ya miƙe tsakiyar bas tun daga Asafo yana magana har Nkawkaw, kuma wannan na'urar bata iya kashe su, ragewa kawai take. Abin da take cinyewa shi ne sauti mai kauri da baya canzawa, injin jirgi, injin bas, janareto, fanka, iyakondishan ɗin ofis. Wannan sunansa ƙugi. In na cewa dattijo makarin hayaniya ya biya kuɗinsa masu yawa ya hau mota yaji jariri na kuka, zai dawo yace na cuce shi kuma yana da gaskiya. In nace makarin ƙugi na faɗa masa iyakar abin.

Don haka nawa: shiga-kunne mai makarin ƙugi, rufa-kunne mai makarin ƙugi. Wanda yaga ya yi tsawo ya ce mai makari kawai.

Masu tambaya wanne na bashi, rufa-kunne. Tafiyar jirgi doguwa ce, shiga-kunne irin AirPods Pro 2 awa shida ne sai ka maida shi gidansa ya sha caji, Sony WH-1000XM5 kuwa awa 30 yake kaiwa, ga shi dattijo ba zai yi ta laluben ɗan ƙaramin abu ƙarƙashin kujera ba. Amma ni kaina in zan sauka Accra saro kaya shiga-kunne nake ɗauka, zafin garin nan katifar rufa-kunne tana sa gumi sosai kuma baya shiga aljihu, a wurin aiki ma zaka iya cire guda ɗaya ka amsa kwastoma. Roƙona ɗaya, kada wanda ya tsallaka titi a Circle ko Kejetia da makarin a kunne, trotro da babur basa jira.

Saura guda da ban samo ba. Akwai maɓallin da in ka taɓa, makirfon nan maimakon ya kashe sai ya shigo maka da sautin waje, kaji kiran sallah ko sanarwar filin jirgi ba sai ka cire ba. Wani yace "buɗe ƙofa", wata tace "taga". Taga ta fi kwanta min amma ina jiran dattawanmu, Asabar zan rubuta allon tebur na.