Telan da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba

Jikan Tela: Jama'a yau raina a ɓace yake. Kowace 15 ga Janairu sai a yi fareti a aza furanni wai ranar tunawa da 'yan mazan jiya, amma ban taɓa jin an ambaci irin su ƙanen kakana ba. Tela ne a wani ɗan gari a ƙasar Katsina, da kekensa da rumfarsa a bakin kasuwa, shi ke ɗinka wa gari kayan sallah. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka ce kowane hakimi ya kawo mutane, aka haɗa da shi, matarsa na da ciki, aka kai su Legas aka zuba a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan dajin Bama, ya rasu a kwarin Kaladan a 1944. Ba gawa ba kabari, sai saƙon baki da wani ɗan garinmu ya kawo bayan an gama yaƙi. Mutumin nan ya yi shahada an manta da shi, wallahi ƙasar nan ba ta san darajar mutanenta ba.

Abu Sumayya: Allah ya jiƙansa da rahama. Amma ɗan'uwa ka janye kalmar shahada. Wanda ya mutu yana yi wa Sarkin Ingila yaƙi da Japan ta ina ya zama shahidi?

Jikan Tela: Malam duk abin da na rubuta wannan kaɗai ka gani??

Abu Sumayya: Ita ce mafi nauyi a ciki. Hadisi ya ce wanda ya yi yaƙi don kalmar Allah ta ɗaukaka shi ne fi sabilillahi. Turawan da suka ci Sakkwato a 1903 su ne shekara 40 bayan nan za a mutu a ƙarƙashin tutarsu a kira shi shahada?

Maman Biyu: Haba Malam, mutum na kukan kakansa kai kana gyara masa kalma. Da son ransa ya tafi? Baka ji an ce kama shi aka yi ba

Tsohon Saje: Hajiya a nan zan tsayar da ke, ba kowa aka kama ba. Da yawa da ƙafarsu suka je saboda sule guda a rana ba wasa ba ne a lokacin, ga kaki ga abinci. Mahaifina da kansa ya shiga, yana runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, da su aka karɓe garin Myohaung na Bama a Janairun 1945, shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung a Legas. Kada a mayar mana da iyaye kamar wasu awakin da aka ɗaure aka loda a mota, maza ne.

Ɗan Jos: Baba Saje ka yi haƙuri, ka tambayi dattawa diban gwamna. Daga 1942 an kwashi dubban mutane na tilas zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa, wanda ya iya wannan ɗiban soja ne zai gagare shi? Sarakuna aka ba adadi su kuma suka matsa wa talaka.

Yarima: To an fara. Komai aka taso sai an jawo sarakuna. Da kai ne a kujerar, Razdan na tsaye a kanka, me za ka yi?

Ɗan Jos: Da na tura ɗana kafin ɗan talaka. Kawo min sunan ɗan sarki ɗaya da ya ɗauki kaya a ka a Kaladan.

Yarima: Kai ma kawo min takardar da ta ce babu.

Autan Mama: Wai Bama ta Borno ake magana? Yaushe Japan suka zo Borno

Tsohon Saje: Yaro Bama ta Asiya, wadda yanzu ake ce wa Myanmar, tana maƙwabtaka da Indiya. Ka ga abin da mai maganar ke kuka a kai kenan. Kuna wucewa ta barikin Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna kullum ba wanda ya san daga ina sunayen suka fito.

Jikan Tela: Tunda shahadar ce ta tsaya muku, ba harsashi ya kashe shi ba. Shi cikin masu ɗaukar kaya aka sa shi, runduna ta 81 a dajin nan ba hanyar mota, jirgin sama ke jefo abinci da harsasai su kuma su ɗauka a ka, ko bindiga ba a ba shi ba, da dare kuma shi ke yi wa abokansa facin kaki. Atuni ne ya kama shi har ya ƙare.

Maman Biyu: To Allah gafarta Malam ga amsarka. Ba a Bukhari da Muslim aka ce wanda ciwon ciki ya kashe shahidi ne ba, da wanda ya nutse, da wanda gini ya faɗo masa?

Abu Sumayya: Hadisin ya inganta Hajiya, ban musa ba. Amma da farko ba haka ya kawo ba, ya kawo ta ne kamar yaƙin ne ya ba shi. Kuma ba a yanke wa wani mutum takamaimai, sai dai a ce muna yi masa fata.

Ɗan Jos: Yanzu kuma an koma fata 😂 ɗazu cewa ka yi ya janye

Abu Sumayya: Kai da ba ka iya alwala ba kada ka shiga maganar ilimi.

Ɗan Jos: A masallacinku na koya.

Malama Ta Tarihi: Ɗan'uwa Jikan Tela, ka bar su. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth na da shafin neman suna a intanet, ka gwada da sunansa da sunan garinku, don sojojin Arewa da yawa da sunan gari aka rubuta su.

Yarima: Ɗan Jos har yanzu ina jiran takardata.

Tsohon Saje (admin): Ya isa haka, bari in tattara kafin in rufe. Abin da aka fi yarda da shi a nan shi ne mazan da suka je Bama jarumai ne kuma yawancinsu da kansu suka shiga, maganar kamu ba wanda ya kawo hujja. Batun shahada Hajiya ta kawo hadisi, Malam ya amince, an wuce wurin. Ɗan Jos ka daina zagin manya, wannan gargaɗi na ƙarshe ne. Jikan Tela Allah ya jiƙan kakanka, in ka samu lambarsa ta soja ka turo min ta bayan fage.

Ɗan Jos: Baba Saje mutum ɗaya ne ya ce da kansu suka shiga, kuma kai ne.