Tsatsa ta cinye ƙarfen cikin madigadin 504: faci ko sauyi?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ina tayar da Peugeot 504 ta marigayi mahaifinmu. Da muka cire madigadin gaba, sai ga ƙarfen ciki ya ruɓe tun daga ƙarƙashin batir har kusa da mazaunin amotisar (abin da ke shanye jijjigar taya). Toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya ce faci jika 25, ko in nemo ɓangaren daga mushen wata mota a sauya gaba ɗaya. Inji lafiya lau. Wanne zan yi?

Baban Nana: Allah ya jiƙan Baba. Ka fara duba injin tukuna.

Alhajin Zengo: Ɗana, faci? Ni aka yi wa. Na kai Hilux ɗina wani garaji, ba zan faɗi wuri ba. Motar ta shekara a can, kaji har ƙwai suka yi a ciki. Kullum "gobe, Alhaji". Ranar da na karɓa tana ƙyalli kamar amarya. Damina na faɗuwa, a hanyar Magariya na faɗa rami, ƙarfen ya ɓare. Ashe kwali mai garajin ya cusa, ya shafe da mastik, ya fesa baƙin fenti. Da na koma sai ya ce lodi na yi mata. Har wurin mai unguwa muka je, aka ce in yi haƙuri, maƙwabtaka.

Toliye Sabon Gari: Alhaji, a yi haƙuri, ba duka muka zama ɗaya ba. Ƙanena, ruwan batir ne ya ci wurin. In rami ne ƙarami, a yanke har a taras da ƙarfe mai lafiya a yi faci. Amma in tsatsa ta taɓa mazaunin amotisar, sauyi kawai, domin nan nauyin gaban 504 yake hawa. A huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, a auna kafin a yanke, in ba haka ba kapo (murfin inji) ba zai rufu daidai ba kuma taya za ta riƙa cin gefe. Kar ka yarda da wutar karbit mai yawa, tana lanƙwasa tol, wato ƙarfen jikin mota. A shafa maganin tsatsa ciki da waje.

Direban Tanut: Jika 25? An yanke ka. Jika 10 na biya.

Maman Abdul: Maigidana jika 60 ya kashe, ban da fenti.

Alhajin Zengo: Ai toliye ba zai ce a yi aikin araha ba.

Toliye Sabon Gari: Alhaji, wanda aka cusa wa kwali bai gani ba ne zai koya mini aiki?

Sarkin Shayi: Ku bar tsatsar nan, ita ce ke riƙe da motar. Kuna kankarewa za ku kwashe ta a buhu.

Direban Tanut: Ka shiga Kano. An daɗe ana haɗa 504 a Kaduna, mushenta bai ƙare ba a can.

Baban Nana: Da kuɗin mota da na shingayen hanya? Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kowane kayan gyara ya tashi. Ko na Kano, sai mai shago ya ce maka iyaka.

Maman Abdul: Su ma motocin Turai ɗin, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya gama cin ƙasansu kafin su iso mana. Dillali kuma ya rantse maka.

Ɗan Birni: To jama'a, ni dai in yanke ko in bari?

Alhajin Zengo: Dillalai kuma! Bari in ba ku labarin wanda ya sayar mini da Hilux ɗin.