Samari masu suma da dattawan Nashville a faifai ɗaya

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a hanyar Kaduna na saurari Will the Circle Be Unbroken daga farko har ƙarshe, wanda Nitty Gritty Dirt Band suka fitar a 1972. Kiɗan tsirkiya ne na mutanen karkarar Amurka, banjo da jita da gogen Turawa. Wa zai nuna mini irinsa?

Kawu Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Samari ne masu doguwar suma daga Kalifoniya suka je Nashville a 1971 suka zauna gaban manya: Maybelle Carter da Earl Scruggs da Roy Acuff da Doc Watson da Merle Travis. Faifai uku aka cika a kundi ɗaya. Bill Monroe kuwa, wani babban dattijon wannan kiɗa, an gayyace shi ya ƙi zuwa, su da shi akwai tazara ta shekaru da ta ɗabi'a.

Maman Hanif: Kawu, ni hirar da ke tsakanin waƙoƙin ta fi tafiya da ni. Ba su yanke ta ba. Akwai inda Doc Watson, wanda makaho ne, ya haɗu da Merle Travis karo na farko, alhali tun da daɗewa ya sa wa ɗansa suna Merle saboda shi. Kana jin kunyar da ke muryarsa, sai ka ce almajiri ya haɗu da malaminsa. Sau uku na maimaita wurin.

Ɗan Goge: Baban Khalifa, nemi Genuine Negro Jig na Carolina Chocolate Drops, 2010, har kyautar Grammy ya ci. Su ma wurin dattijo suka koya, Joe Thompson, baƙar fata mai goge a garin Mebane na Arewacin Karolina. Mawaƙiya Rhiannon Giddens a cikinsu ta fito. Kuma banjo ai bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a nahiyar Amurka, da duma da fata. Ni da na ji shi sai gurmi ya faɗo mini a rai.

Kawu Ɗanlami: A hankali, yaro. Dangi ne, ba ɗaya ba. Masu bincike sun fi alaƙanta shi da akonting na mutanen Jola a Gambiya da Senegal, musamman yadda ake buga shi da bayan farce.

Ɗan Goge: Na karɓa, Kawu, ban ce uwa ɗaya uba ɗaya ba.

Maman Hanif: To in tushen kake so, ga Throw Down Your Heart na Béla Fleck. Ya ɗauki banjonsa ya zaga Yuganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ya yi kiɗa da Oumou Sangaré da Bassekou Kouyaté. Sai dai shi ba kiɗan tsofaffin Amurka ba ne zalla.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Da na almajiran Joe Thompson zan fara, gobe ina da tafiyar Zariya.