Kwana a karaban a Skegness: shawarwarin iyaye

Iyayen da suka saba kai yara hutu Skegness, garin bakin teku a gabashin Ingila, bakinsu ya zo ɗaya a kan kuɗi: hayar karaban, wato gidan tirela da aka girke wuri guda, tsada take yi daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin hutun makarantu. Mai son sauƙi ya kama tun da wuri.

Sanyi ne ya fi cin zancen. Iskar Tekun Arewa ba ta da kunya, ko a Yuni sai ta ratsa bangon karaban da dare, don haka a tabbatar akwai na'urar ɗumama ɗaki, a kuma tambaya ko da zannuwan gado da tawul. Masu ba da hayar da yawa ba sa bayarwa.

A kan kama karaban a Ingoldmells, ƙauyen da ke kusa da Skegness inda aka buɗe sansanin hutu na Butlin's a 1936, an ɗan yi ja-in-ja tsakanin iyayen. Masu ƙananan yara na son lilon filin wasa na Fantasy Island kusa, wasu kuwa hayaniyar ta ishe su. Ni dai ina bayan na biyun.

Wanka a teku kuma, sai tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke sa ido.