Gansakukar da na tara ta yi funfuna, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni, ajin ƙarshe a sashen nazarin tsirrai, kuma aikina tattaro gansakukar cikin birnin Kano don a ajiye a habariyam, wato ɗakin adana busassun samfuran tsirrai. Makon jiya bayan ruwan daren Laraba na zaga gindin Goron Dutse da wasu katangun siminti a Gwale, na kankaro kashi 14, na ƙulle kowanne a leda. Jiya na buɗe, duk sun yi funfuna, sai wari kamar tsohon tulu. Abin haushin, na kasa tuna wanne na ɗauko a ina. Ga Agusta ta raba. Don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon ma'aikacin habariyam:
Wa alaikumussalam 'yata. Ledar ce ta cuce ki, gumi take tarawa. Tun a gida ki ninke farar takarda ko tsohuwar jarida kamar ambulan, ki tafi da su. Kina kankarowa da wuƙa ki sa a ciki, ɗan abin da bai wuce rabin tafin hannu ba, tare da 'yar ƙasar da ta manne masa. Kada ki kwashe duka, ki bar wa wurin iri. Kuma kafin ki ɗaga ƙafa ki rubuta a jikin takardar da fensir, don biro yana zuba in ya ji danshi: lamba, kwanan wata, unguwa, GPS daga wayarki, da abin da take kai, dutse ne ko siminti ko ɓawon bishiya, inuwa ce ko rana. Samfurin da ba shi da wannan bayani ciyawa ce kawai, ko ya yi kyau babu mai karɓa.

In kin dawo ki buɗe ambulan ɗin a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana biyu ko uku. Ba a danne ta da katako kamar ganyen bishiya, ba a kuma gasa ta. Ki lura da waɗanda suka fito da 'yan silalla masu kai kamar kan ashana. Nan ne jakar ƙwayoyin haihuwarta, tunda gansakuka ba ta fure, kuma da su ake saurin gane jinsi. In kin gan su kin yi tsintuwa.

Wata malama daga Kabuga:
Ƙanwata, ki tabbata ma dukkansu irin gansakukar da kike nema ne. Mu Hausawa koren da ke kan kududdufi da na jikin katanga duk gansakuka muke cewa, alhali mai santsin nan kamar majina wani dangi ne daban. Ki nemi gilashi mai ƙara girma sau 10: in kin ga 'yan ganye a jere a jikin kara, to ita ce. Kuma kada bushewa ta tsorata ki. Ki ɗiga mata ruwa, nan da nan ganyen zai buɗe.

Wani ɗan Dala:
Ki riƙa duba bayan banɗaki da ƙarƙashin indararo, nan take zama. Amma ki yi sallama da maigida tukuna, mace da wuƙa tana kankarar katangar mutane, kin san mutanenmu da zargi.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah Ya saka da alheri. Na zubar da 11, uku da ban da tabbas na shanya su. Asabar zan koma Gwale da ƙanena, ya riƙe min littafi.